Na Yi Caca Da Sunan Matata, Yanzu Banki Na Nemanta

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah kada a zage ni, na riga na zagi kaina har na gaji.

Ni dattijo ne, baduku a kasuwar Kurmi. Boko kuwa aji uku na yi na tsere. Maƙwabcin rumfata, sa'ana ne, shi ya nuna min cacar ƙwallo ta wani kamfanin ƙasar waje. Na ce ai an ce ba sa karɓar mutanen ƙasar nan. Ya ce, "Kai dai baƙauye ne a tsakiyar birni. Akwai VPN, layar zana ce ta zamani, kana Kurmi waya za ta rantse kana Turai." Ni da ko Zariya sai in shekara ban leƙa ba!

Ga inda na tafka ta. Ni ke jan sallah a masallacin layinmu in liman ya yi tafiya, to ina ni ina sa sunana a caca? Sai na ɗauki katin shaidar Hajiya, matata, da lambar asusun da masu sayen turaren wutarta ke turo mata kuɗi. Na ci, aka ci ni, aka sake cin ni, rannan dai na ciyo mai tsoka. Da na zo cirewa, maƙwabcin nan ya karanta min wai sai mai asusun ta nuna fuskarta a bidiyo. Jama'a, mayafinta na yafa. Na ja shi har hanci, suka ce a sauke. In sauke su ga me, farin gemu? Nan take suka rufe asusun cacar, da abin da na zuba da abin da na ci. Wa zan kai wa ƙara? In je in ce ina Turai aka cuce ni?

Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya, banki sun tsayar da asusun Hajiya, sun ce kuɗi na fita inda ba su gane ba, wai dole ta je ranar Litinin ta yi bayani, kuma an ce min maganar na iya kaiwa ga hukuma. Jiya ta ce, "Malam, kai za ka raka ni. Ni da ko katin cirar kuɗi ban iya ba, wane marar tsoron Allah ne ya yi min haka?" Na ce, "Hajiya, a yi masa addu'ar shiriya." Ta ce, "Shiriya? Allah ya tona masa asiri a gaban jama'a!" Ta tsare ni da ido tana jira. Na ce amin. Da wane baki zan ƙi?

In na yi shiru, baiwar Allah za a titsiye a kan laifina. In na faɗa, matar da ta fi shekara talatin tana cewa mijinta ba ya ƙarya za ta ji har mayafinta na sa. Ga Litinin jibi. Me zan yi?