Adda a Hannun Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina hutawa a wurinsa.

Mama, ɗankwalinki na zumuntar matan coci yana hannuna, wanda kika ɗaura ranar da mahara suka shigo coci da adduna. Ƙanwata Ladi ce ta aiko min daga gida, jinin ya bushe a jikinsa. Ta ce sara uku suka yi miki, na farko a hannun da kika tare yara da shi.

Kin san ɗanki. Sakandare kawai na yi, amma yau a nan ƙasar waje, a birnin Greensboro, har Turawa ke kawo min zobbansu gyara a shagona. Wata tsohuwa ta nuna min hotunan aikin maƙeran Italiya na dā: akwatunan azurfa da zinariya da ake ajiye ƙashin waɗanda aka kashe saboda Almasihu. Ba sa ɓoye komai, Mama. Wanda aka soke, a zana shi riƙe da wuƙar. Wanda aka jefe, da duwatsunsa.

Sai na ƙera miki naki. Na zana fuskarki a murfin, na sa miki addar a hannu, na wasa bakinta har ta yanke ni. Na sa ɗankwalinki a ciki.

Na kai cocinmu na nan ranar godiya. Ƙanena Istifanus, da yake dattijon ikilisiya ne yanzu, ya ɗaga shi gaban jama'a ya ce laya ce, na koma tsafi. Ya zare ɗankwalin wai zai binne. Na fizge akwatin na maka masa a baki. Haƙora biyu suka zube, leɓensa ya tsage, ya durƙusa yana tare jinin da ɗankwalinki.

Kin sha ce mana, “Kada in ji hannun ɗayanku a jikin ɗaya.” Na ji ki, Mama.

Fasto ya ce in kawo ɗankwalin a binne ko in daina zuwa. Ba zan bayar ba, ba kuma zan wanke ba. Sai dai na shimfiɗa shi a teburin aikina, na duba da gilashin da nake duba lu'ulu'u, na kasa raba jinin da suka zubar da wanda na zubar.

Gobe zan je gidan Istifanus a garin McLeansville, nan kusa. Hannu sake zan je.

Ubangiji ya riƙe ki, ya riƙe hannuna.

Ɗanki na fari,
Bulus Maƙeri