Rigar Patrice

Garwa, ran Talata

Zuwa ga 'yata Chantal,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, ba na son wani ya rubuta mini wannan.

An gama ginin sabon coci a wajen Lagdo, kuma Fada ya zaɓi ƙanenki Patrice ya kai dutsen bagade, wanda ake sawa a teburin hadaya. Kin san a cikin dutsen akwai ɗan guntun ƙashin Waliyyiya Felisite, wadda aka kashe tun zamanin Romawa don ta ƙi barin Yesu. Kowa yana yi mini barka. Amma tun da aka tone kaburbura bara aka sace ƙasusuwa, duk wanda aka gani da ƙashin mutum duka ne kawai, ba tambaya. Na roƙe shi in an tsayar da shi ya ce dutsen niƙa ne. Ya ce ba zai ɗauko shahidiya ya yi ƙarya a kanta ba. Jibi zai tafi a kan babur.

Ki yi masa addu'a.

Uwarki, Albertine

Garwa, ran Lahadi

'Yata Chantal,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Patrice yana da rai, ki fara riƙe wannan.

A kasuwar kifi wasu samari suka tambaye shi abin da ya naɗe a farin zane, ya faɗa musu gaskiya. Kafin ya gama bayani an taru a kansa. Wani mahauci, Malam Saleh, shi ya ja shi cikin shagonsa, ya tsaya a ƙofa har jandarmomi suka zo. Hannun Patrice ya karye, an ɗinke kansa, bai saki dutsen ba.

Abin da ya hana ni barci yanzu daban ne. Matan zumuntar coci suna ta zuwa gida suna roƙon ƙyallen rigarsa mai jini, wai albarka. Shi kuma a asibiti sai murmushi yake, yana tambayar ko akwai wani cocin da za a kai wa dutse.

Jiya na wanke rigar da sabulu, fes, na shanya a tsakar gida kowa ya gani. Waliyyai suna da yawa a sama, Chantal, ni ɗa namiji ɗaya gare ni. Ki zo ki yi masa magana, ya fi jin taki.

Uwarki mai jiranki,
Albertine