Sabuwar Riga a Bakin Inji

Zuwa ga Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Yaya Anti Rabi da yara, kuma yaya ƙafar taka? Mu nan Gwadangaji lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, motar marigayi Baba ta kusa hallaka mu ranar Juma'a. Maigidana Baban Amina ya ɗauko shinkafa a cikinta daga Zauro zai kai Argungu, na bi shi don in duba Inna. Muna shiga tasha injin ya kama ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Ya zare makulli, amma injin sai ƙara haukacewa yake yi. Kowa ya watse.

Mijin nan nawa da kake cewa ya cika sanyin jiki, tuɓe sabuwar rigarsa ya yi, ya dunƙule ta, ya toshe inda injin ke shaƙar iska. Bai saki ba sai da injin ya mutu. Sannan ya kwance bututun iskar, ya zura yatsa, ya fito jiƙe da baƙin mai. Ya ce turbo, wato na'urar da ke tura wa injin iska, ita ce ke yoyo, injin yana shan man kansa, shi ya sa makulli bai kashe shi ba. An canza ta, mota ta koma aiki.

Da rigar aro ya yi sallar Juma'a.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaishe da kowa. In za ka taho, ka riƙo wa Baban Amina shadda mai kyau, kuma da hannunka nake so ka ba shi.

Ƙanwarka,
Hadiza