Rasuwar Alhaji Moumouni Sharfaddeen, Sakataren da Ya Bar Shafi Ɗaya Ba Rubutu

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Majalisar Dattawan Zumunta ta Zongon Lome ta karɓi labarin rasuwar ɗan'uwanmu, abokin tasowarmu, Alhaji Moumouni Sharfaddeen, Sakataren Kwamitin Raya Ƙauyen Tovikope, kuma wakilin Musulmin yankin a gaban Mai Girma Togbi, sarkin ƙauyen, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin Talatar da ta gabata a wani asibiti da ke Tokoin, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar mako uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura a Zongo, aka kai shi Tovikope bisa wasiyyarsa, tafiyar awa biyu a kan hanyar arewa, aka binne shi bayan la'asar.

Ka'ida ita ce takarda irin wannan ta fara da ayyukan mamaci, amma kakakin Majalisa yana neman izinin iyalai da jama'a ya fara da wata jita-jita. Shekara goma sha biyar ke nan, a kasuwar Hédzranawoé, wani dillalin awaki ya ja ni gefe ya ce in yi wa Moumouni addu'a, wai a duk zaman kwamitin ƙauyensu sai ya miƙe ya kira sunayen matattu, kuma wai ana amsa masa. Na ce da dillalin ya rage yawo a rana. Na san Moumouni tun muna zama gaban kakata tana mana tatsuniya, kuma shi ne kullum mai katse ta da tambayar wa ya gani da idonsa. Bayan dillalin, direbobi sun faɗa, mata masu kai gishiri sun faɗa, kowa da irin ƙarinsa. Mu dattawan Zongo muka mayar da abin na nishaɗi, har in ya zo Sallah sai a tambaye shi ya mutanensa na ƙasa suke. Sai ya ce suna gaishe mu, sun fi mu zuwa taro a kan lokaci.

Marigayi ya je Tovikope a shekarar 1988 sayen awaki na kwana uku, bai dawo da zama ba har abada. Lokacin da aka kafa kwamitin raya ƙauyen, zaɓe ba na akwati ba ne. Mai shela ya kaɗa ƙarfensa, jama'a suka taru a gindin mangwaro, kowane ɗan takara ya juya baya, masu son sa suka jeru a bayansa, aka ƙirga kawuna. Kujera tara ce, wa'adinsu shekara uku, Togbi yana zama a taro amma ba ya ɗaga hannu. Da Moumouni ya waiwayo, sai ya ga layinsa ya kai har bakin coci, shi baƙo, Musulmi, ɗan Zongo. Ya tambayi dalili, tsofaffin suka ce ai shi kaɗai ne ya iya rubuta Faransanci, ya iya yaren Mina, kuma ba shi da gona ko taku ɗaya a garin, don haka in an zo rikicin iyaka ba shi da inda zai karkata. Ya kan ce talaucin ƙasa ne ya ci masa zaɓe. Sau tara suna maimaita masa wannan layin. A hannunsa aka tsara ranakun aikin gayya, aka haƙa rijiyar burtsatse ta bayan makaranta, aka ɗora gada a kan rafin da ke raba ƙauyen da titi, aka fitar wa Fulani burtali har shanu suka daina shiga rogon mutane.

Amma aikin da ya sa muke wannan dogon bayani shi ne na daminar 1999. Kafin wannan shekara, duk Musulmin da ya rasu a yankin sai an ɗauko shi zuwa Lome. A wannan daminar wata baiwar Allah, Asiyatu, matar wani makiyayi, ta rasu wajen haihuwa, rafi ya cika ya yanke hanya, gawarta ta kwana biyu a ɗaki. Kwamiti ya zauna, mutum tara cif, takwas daga cikinsu ba Musulmi ba ne. Suka ɗaga hannu gaba ɗaya, suka ba da fili a bayan gonar itacen katakon nan da ake kira tik, aka dasa aduruku a kusurwa huɗu kamar yadda mutanen ƙasar ke shaida iyaka. A ranar aka binne Asiyatu.

Saura rubutu a littafin zama, kuma nan ne ɗan'uwanmu ya yi kuskuren da sai ɗan Zongo zai yi shi. Kunya ta kama shi. Ya ga bai dace hannunsa ya rubuta kyautar da aka yi wa mutanensa ba, kada wata rana a ce baƙo ya riƙe alƙalami ya rubuta wa kansa ƙasa. Sai ya sa kwanan wata a saman shafi, ya bar shi fari, yana jiran sakataren da zai gaje shi ya cike. Magajin bai zo ba, domin duk bayan shekara uku shi suke sake jeruwa a bayansa. Don kada maganar ta ɓace, sai ya ɗauki wata al'ada: kafin a buɗe kowane zama, ya kira sunayen abokansa takwas ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko sun shaida filin, su amsa. Da suka fara rasuwa bai cire suna ko ɗaya ba. In ya kira mamaci, sai ɗansa ko 'yarsa ya amsa daga cikin taro. Abin da dillalin awaki ya ji ke nan. Majalisa tana shaida wa duniya cewa ɗan'uwanmu da hankalinsa, mu ne muka kasa hawa mota mu je mu gani.

Yau duk takwas ɗin sun riga mu gidan gaskiya. Tun da aka haɗa ƙauyuka aka yi komin, wato ƙaramar hukuma, aka zaɓi kansiloli da magajin gari, maganar ƙasa ta koma ofis, ofis kuwa takarda yake tambaya, ba ya tambayar aduruku. An auna filayen Tovikope domin faɗaɗa kasuwa, ma'aunin ya bi ta kan maƙabartar, tunda a rubuce ba ta nan. Kabari sittin da uku ne a wurin, na Alhaji Moumouni ne na sittin da huɗu. Kansilolin sun yi adalci, sun ce za su karɓi shaidar baki a zamansu na Alhamis ta ƙarshen wata mai kamawa, in har gidajen nan takwas sun amsa a gabansu. Sai dai a zaman ƙarshe da marigayi ya halarta, gida biyu kaɗai suka amsa. Sauran shidan 'ya'yansu sun bar noma, suna nan Lome, wasu suna tuƙa zemijan, wato babur ɗin haya, wataƙila ma sun sha ɗauko mu daga masallaci. Neman su ne ya kawo shi gari da ciwo a jikinsa, ya yi kwana huɗu yana bin tashoshin babura kafin ya faɗi.

Majalisa tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa Hajiya Adjara, wadda ta yi kusan shekara talatin tana dafa wa taron da ba ta da kujera a cikinsa; da 'ya'yansa huɗu da jikokinsa; da Mai Girma Togbi da dattawansa; da shugaba da membobin Kwamitin Raya Ƙauye; da Limaman Zongo da Sarakunan al'ummominmu baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya bar shi a inda ya zaɓa ya kwanta tare da waɗanda ya yi wa tsaro. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya kyautata namu bayan nasa. Majalisa ta kuma yanke shawarar ɗaukar nauyin neman gidajen shida. An ba Limamai sunayen, za a karanta su bayan sallar Juma'a, kuma muna roƙon duk wanda ya hau babur daga yau ya tambayi mai tuƙin daga wane ƙauye yake.

Abu ɗaya ya rage, kuma na daɗe ina juya shi kafin in sa shi a takardar Majalisa. Kwana uku da binne shi, kwamiti ya zauna a gindin mangwaro domin karɓar littafi. Shugaba ya miƙe zai buɗe taro, sai ya kasa, kowa ya yi shiru a daidai wurin da aka saba kiran sunaye, babu mai kira. Cikin wannan shirun wata tsohuwa, Dada Akossiwa, 'yar ɗaya daga cikin takwas ɗin, ta amsa da ƙarfi cewa sun shaida. Aka ce da ita, Dada, ai ba a kira ba. Ta ce su dai su ce ba su ji ba, ita ta ji sunan mahaifinta, kuma kafin a zo kansa ta ji an amsa sau huɗu, don shi ne na biyar a jeri, ita ba ta taɓa shiga gaban kowa ba.

Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya tafi ba ya dawowa taro, kuma Majalisa tana kan abin da suka karantar. Na rubuta ne kawai saboda wanda ya kawo mini labarin a wannan karon ba dillali ba ne, ba direba ba. Wadda ta je mayar da littafin ce, tana tsaye da shi a hannu a buɗe a kan farin shafin lokacin da tsohuwar ta amsa, ta zo gidana jiya da safe ta ce, Baba, a shaida wa dattawa ranar Alhamis ɗin ita za ta kira sunayen. Ita ce ƙaramar 'yar marigayin, Ummu Hani.

Sa hannu:
Alhaji Zulkifli Ɗanmaraya
Kakakin Majalisar Dattawan Zumunta ta Zongon Lome