Tukunyar da Baffa Illa ya tone

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya kamaci 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin sanyin kabari da yalwar rahamarsa. Mu nan lafiya lau, sai zafin Madawa da kika sani, da wani zafin daban da ke cin raina tun ranar sunan jikata.

An yi miki takwara, Inna. Ɗan farina, jaririn nan da kika riƙa yi wa wanka a Tamaske kina kiransa Maigida, matarsa ta sauka, mace, ya kuma sa mata sunanki. Tunda babu mai bakin kama sunanki a cikinmu, sai aka zauna neman abin da za a riƙa kiran yarinya. Wannan ta ce Ummi, waccan ta ce Mama. Baffa Illa, ƙanen Baba, wanda aka ɗauko daga Tamaske a mota don albarkar tsufa, yana zaune a bakin ƙofa, ya ɗaga murya ya ce, "Ku ce mata Mai-ɗanye mana, ai da shi anka san mai sunan."

Aka yi dariya, Inna. Har yaran da ba su taɓa ganinki ba suka ɗauka, suna leƙa fuskar jaririya suna cewa Mai-ɗanye. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Kin kai wannan suna har kabari, ga shi kuma ana so a rataya shi a wuyan yarinyar da cibiyarta ma ba ta gama warkewa ba.

Bari in tuna miki yadda aka yi, ko da yake ke ba ki buƙatar tuni. Masu karanta wannan a bayana su ne ke buƙata.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce. Baba yana ci-rani a Abijan, ni kuma na zo gida wankan jego. Rumbu babu komai, itace ya zama abin faɗa. Kina cikin matan da ke fita tun da sassafe zuwa aikin proje na nasara, kuna ɗaukar duwatsu a ka kuna jerawa a jikin tudu don tare ruwa, a sallame ku da hatsi da ɗan mai. Wadda ta yi fashi ba ta da rabon ranar. Da wannan hatsin muke kwana.

Cikin talotalon da kika yi kiwo, guda ya rage. Kin hana kanki dussa kin ba shi. Kika ce ƙirjinsa nawa ne, mai jego sai da nama.

Kuma kin san yadda ake bi da shi. Kina yawan cewa ƙirjin talotalo ba shi da kitse, in wuta ta yi masa gaggawa sai ya zama igiya. Kikan shafe shi da gishiri da tafarnuwa da man shanu, ki shimfiɗa albasa a gindin tukunyar ƙasa har ta yi tudu, ki ɗora tsokar, ki zuba ruwan da bai kai cikin ludayi ba. Sai ki kife kasko, ki liƙe bakin da laka. Ki tona rami a gefen murhu, ki zuba garwashin busasshen kashin shanu, ki sa tukunya, ki rufe da toka. Daga nan babu mai taɓawa sai inuwar katanga ta kai ga randa. Ki tafi aikinki, tukunya ta yi nata.

Ana gobe za a yanka, Baffa Illa ya shigo da rediyonsa a rataye, ya ce dangin matar da yake nema za su zo daga Tabotaki washegari bayan la'asar, kuma ba shi da abin fita kunya. Kika dube ni, na sunkuyar da kai. Kika ce to, a ba baƙi, a rage mini kaɗan. Naman jegona ke nan ya tafi.

Da safe kika binne tukunya, kika ɗauki gammo. A bakin ƙofa kika juyo kika ce masa, ina ji da kunnena, "Illa, kada a tone ta sai na komo."

Baƙi suka yi sammako, azahar ba ta yi ba sai ga su. Ina kwance a ɗaki da jariri, ta ƙofa na ga Baffa ya ɗauko hauya. Na ce masa Inna ta ce a bari. Ya ce, "Ke yi kurum, mi kinka sani?" Ya tone, ya fasa lakar, tururin da ya kamata ya yini yana aiki ya fice gaba ɗaya. Ya yanka tsoka ya ga ja a ciki. Sai ya kwashe karan da kike tattali, ya hura wuta mai harshe, ya ɗora. Waje ya ƙone, ciki yana nan da jininsa. Haka ya kai wa mutane.

Da suka kasa tauna, ba sai ya ce musu matar wansa ce ta bar tukunya ta tafi yawon neman hatsin nasara ba? Yawo, Inna! Ke da kika dawo wuyanki ya sage, tafin hannunki duk tsaguwa, shi kuma cikinsa cike da tuwon wannan hatsin.

Kafin kasuwa ta zagayo sunan ya bi gari. A bakin rijiya Mai-ɗanye, a gidan biki Mai-ɗanye. Matan da ke zuwa koyon miya a wurinki su ne suka daina ba ki tukunyar biki, sai wankin kwano. Na faɗa wa duk wanda zai saurara abin da na gani, aka ce mai jego ce, zafin wanka ya taɓa mata kai. Da Baba ya dawo na so in gaya masa, kika damƙe mini hannu kika ce ba za ki raba wa da ƙane a kan tsoka ba. Wannan haƙurin naki har yau haushi yake ba ni, ki gafarce ni. Kina amsa sunan da murmushi, amma ban sake ganin kin binne tukunya ba har kika bar duniya.

To ga abin da ya faru ranar sunan.

Maigidan naki, ɗan nan nawa, ya taɓa kawo mini wata tukunya ta kuran, wato wutar lantarki, mai murfin gilashi, wadda ake sa wa abinci da safe ta yini tana dafawa a hankali. Da ya kawo ta yana ta yi mini bayani kamar ya zo da abin da ido bai taɓa gani ba. Na ce masa kakarka ta riga su, da rami da toka. A cikinta na sa ƙirjin talotalo don mai jego tun da asuba, da albasa a ƙasa, da tafarnuwa da man shanu, yadda kike yi.

Wajen azahar ƙanshi ya fara fita. Sai ga Baffa ya dogaro sandarsa har madafa, mata suna ba shi hanya. Ya tsaya yana leƙen gilashin, ya miƙa hannu ga murfi. Wallahi, Inna, hannun nan dai ne, sai dai ya yamutse.

Na kama wuyan hannun. Ban taɓa riƙe babba haka ba a rayuwata. Na ce, "Baffa, wagga dai ba ka buɗe ta."

Ya dube ni. Na zaci zai ce bai gane ba, in ce tsufa ne in haƙura. Sai ya ce a hankali, "Ashe ba ki mance ba, ɗiyata."

Ashe yana sane! Duk tsawon shekarun nan yana sane, ya bi gawarki yana sane, da safiyar ranar ma ya yi raha da sunan yana sane. Na ce ba ni zai gaya wa ba, ni na gani da idona. Ga mutane nan, su da suka yi dariya. Ya juya ga matan ya yi ƙunƙuni, na ce ba su ji ba. Ya ɗaga murya, "Ni na tone tukunyar. Ta ce a bari, ni na ƙi. Ba ta yi laihin komi ba." Har mai daka ta tsayar da taɓarya.

Yarinya dai Inna Ƙarama ake kiranta. Wanda ya kuskura ya faɗi wancan sunan a gabana, ko ɗan wane ne, zai ji a kunnensa.

Sai bayan la'asar na buɗe tukunya. Cokali kawai na sa, tsoka ta rabu da kanta. Na fara ɗibar wa mai jego. Na aika wa Baffa nasa, don ba shi da haƙori ko ɗaya kuma na san da kina nan sai kin ce a kai masa. An ce ya cinye. Yafewa kuwa ban kai can ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba.

Sauran na shiga ɗaki da shi, na zauna kusa da takwararki tana barci. Na ci ina kuka, Inna. Rabona ne da kika ce a rage mini, sai yanzu ya iso.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa nauyin kowane dutse da kika ɗauka dominmu ya koma cikin mizaninki. Allah ya raya takwararki, ya ba ta hannunki a girki, ya kuma ba ta bakin da za ta kare kanta.

Taki har abada,
Ɗiyarki ta fari