Hoton Inna da mai wucewa

Zuwa ga Fanta, sanyin randar da aka kafa a inuwa, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, atamfar da ba na saukowa da ita daga sama sai na tabbata mai tambaya da gaske yake.

Bayan gaisuwa, ina jinjina wa takardar tsarin bikinmu da yayarki, Ya Rakiya, ta rubuta. Sau uku na karanta ta a shago, na nuna wa maƙwabcina mai takalma, shi ma ya gyara hula. Tun da na bar lekol, makarantar boko, ban ga tsari irin wannan ba. Ƙarfe takwas ɗaurin aure, takwas da rabi rabon goro, tara saura kwata kowa ya watse. A Damagaram! Minti goma sha biyar ta ba dattawan Birni su gama gaisawa, Allah ya saka mata. Har lokacin kukanki ta sa, biyar zuwa biyar da minti goma, don mai kwalliya ta samu gyara ido. Mutari mai hoto kuma ya ce hasken la'asar ya fi kyau, saboda haka kowa ya adana murmushinsa sai huɗu da rabi. Duk na yarda. Wa ya isa ya yi musu da takarda mai layi ashirin da biyu?

Layi ɗaya ne kawai ya hana ni cin abinci, na sha ɗaya: hoton dangi, ango a tsakiya, amarya a dama, mahaifiyar ango a hagu ta dafa kafaɗarsa.

Fanta, tauraruwata, ni ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya Inna Kulu ba ta taɓa kiran sunana ba. In na je garinmu Dogo na durƙusa gaishe ta, rumbu take kallo ta amsa. In tana da saƙo, ƙanena Umar take ba, ta ce a gaya wa wancan, alhali wancan yana zaune a kan tabarma ɗaya da Umar. Ba ƙi ba ne, kunyar mutanen da ce, kuma ita ta riƙe tata da hannu biyu. In har Mutari ya ɗaga murya cikin taro ya ce uwar ango ta matso ta dafa ɗanta, kafin ya sauke hannu tana tasha tana neman motar Dogo, takalmi ɗaya a ƙafa. Na yi wa Ya Rakiya wannan bayani. Ta ce a waya ta gani, kowa haka yake yi yanzu, tsohuwa za ta saba. Na ce to.

Hoto ɗaya Inna take da shi a duniya, na kartidantite, katin ɗan ƙasa, wanda ta fito kamar an same ta da akuyar wani. Ni da ita kuwa ba mu taɓa shiga takarda ɗaya ba. Bana tun farkon damina ƙafafunta suke kumburi, ko shuka ba ta fita ba. Allah ne masanin gobe. Amma ina son hoton nan, Fanta, ina sonsa fiye da yadda bakin ɗan kasuwa ya iya faɗa.

Kin tuna ranar da na kai ku Dogo ke da gwaggonki gaisuwa? Ni ina waje gindin tsamiya ina korar kaji, ke kina ciki ta riƙe hannunki ta ƙi saki, tana ta tura miki gyaɗa. A hanyar dawowa kika gaya mini abin da ta raɗa miki: "Mutumin naku, yana cin abinci da rana kuwa?" Na ce miki hayaƙin mota ne ya shiga idona. Kika yi kamar kin yarda. A ranar na san ba zan ƙara taya wata haja ba.

To ga roƙona, ya inuwar da nake gudowa da tsakar rana. A bar layi na sha ɗaya a takarda, hankalin Ya Rakiya ya kwanta. Da huɗu da kwata ki kama hannun Inna, ki ce ke kike so ku ɗauka ku biyu a tsakar gidanku. Ke ba za ta ƙi ki ba. Ni kuma zan wuce ta bayanku ɗauke da kujera, kamar an aike ni. Na gama magana da Mutari: kada ya ƙirga, kada ya ce a yi murmushi, kada ya ambaci ango. Na gwada tafiyar a shago har maƙwabcina ya tambaya ko lafiya. Taku bakwai ne. A na huɗu ina daidai kafaɗarta, a nan takalmi zai cije ni, in tsaya, Mutari ya danna.

In kin yi mini wannan, sauran hotuna ɗari uku naki ne. In Mutari ya ce in nuna sama in yi dariya ba dalili, zan nuna, zan yi. Zan riƙe miki gefen mayafi, zan tsaya a rana cikin babbar riga har shaddar ta jiƙe, ba za ki ji ƙorafina ba.

Naki tun daga gindin tsamiyar nan har ranar da za su ɗauke mu hoto muna dogara sanda,
Habu.

Abu ɗaya ne na kasa warwarewa. Inna tana gane takuna tun daga bakin zaure. In ta ji ni a bayanta, ta kuma zauna ba ta motsa ba har Mutari ya danna, ni na yi mata wayo ko ita ta yi mini?