Jar Waya da Ruwan Goro

Kharagpur

Zuwa ga 'yata Paromita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki kuna lafiya. Yaya tarin jikana Tublu?

Dikodar da kika aiko wa babanki ta iso, 'yar ƙwaƙwalwar nan da za ta sa jirgin ƙasansa na wasa ya ji umarni. Tun ranar teburin cin abincina ya koma tasha. Ya kwance kan jirgin kaf yana neman soket ɗin da ake cusa ta, ashe yana ɓoye cikin taragon kwal, kuma ya fashe. Sai da ya karaɗe kasuwar Chandni a Kolkata kafin ya samo wani, wayoyinsa a sake, sai an liƙe da dalma.

Jar waya da baƙa na zuwa layin dogo, ruwan goro da ruwan toka na zuwa inji. Har ni na haddace don yawan ji. Jiya ya liƙa ruwan goro a gurbin ja. Yana kunnawa sai ƙauri, dikodar ta ƙone. Ya ce kayan zamani duk jabu ne.

Paromita, yanar idonsa ce. In na ambaci likita sai ya ce, "Idon direba ba ya tsufa." Mutumin da ya ƙare aikinsa na tuƙin jirgin ƙasa bai taɓa ƙetare jar danja ba, da wane baki zan ce masa bai san ja ba? Tsoro nake ji ya makance saboda taurin kai. Ki aiko wata dikodar.

Mahaifiyarki,
Mrinmoyee

Zuwa ga 'yata Paromita,

Ina gaishe ku duka. Mun ji daɗi da tarin ya lafa.

Saƙonki ya iso. Babanki ya zauna gaban wayoyin har shayinsa ya huce. Can ya miƙo mini biyu, bai dube ni ba, ya ce, "A jirgi, mataimaki ne ke kiran launin danja, direba ya amsa. Ba gazawa ba ce, doka ce. Zauna nan."

Na zauna. Ina kiran launi, yana maimaitawa, yana liƙewa. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Fitilar jirgin ta kama, ya ja taragunsa ya zagaya tsakanin tulun gishiri da kwanon shinkafa.

Da ya doshi 'yar danjar da ke bakin tebur, na ga tana ci ja, shi kuwa yana ta ƙara wuta. Na ce, "Ja." Ya ce, "Ja," ya tsayar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Da jirgin gaske ne, da na wuce da mutane."

Ki nemo mana likitan ido. Babanki ne ya ce in rubuto miki.

Mahaifiyarki,
Mrinmoyee